Murhu Ɗaya, Tukunya Bakwai

Mun tashi da asuba daga Zariya mu uku: ni, da abokin aikina, da direban ofishinmu, mutumin da ya yi imani duk motar da ta wuce shi raina shi ta yi. Kano muka nufa, cikin birni, unguwar Sheshe. A jakata akwai rahoton da na riga na rubuta, saura in sa hannu in miƙa ranar Litinin.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, bin diddigi nake yi. A raba wa jama'a wani tallafi, bayan an kwana biyu sai a tura irinmu mu je mu gano ko abin ya amfane su. Wannan karon murhu ne aka raba, na ƙarfe, mai cin itace kaɗan, hayaƙinsa kuma ba yawa. Gida ɗaya, murhu ɗaya. Yanzu za a sake rabo, aka ce mu faɗi unguwannin da za a ci gaba da su da waɗanda za a cire. Abokin aikina ne ya zaga Sheshe watannin baya da takardar tambayoyin da ni na tsara, ya dawo da amsa kusan iri ɗaya daga gida zuwa gida: an karɓa, an gode, ba a girki da shi. Ni kuwa ina zaune a ofis na rubuta cewa mutanen nan ba sa so, a cire su.

Abu ɗaya ne ya hana ni sa hannu. Babu wanda ya sayar da nasa. Bakano ne fa, ga kasuwar Kurmi a bayan gidansa. In da gaske ba ya son abu, ba zai kwana biyu a ɗakinsa ba. Shi ya sa na ce sai na gani da idona.

Hanya ta yi kyau, sai wasu wurare da ake karkatar da motoci hannu ɗaya, a nan ne direbanmu ya riƙa yi wa manyan motoci wa'azi ta taga. A Kwanar Gafan muka tsaya kallon tumatir, kwanduna jere har inda ido ya ƙare. Na taya ɗaya, mai shi ya faɗi kuɗin da ya sa na tuna ashe miyar kuka ma miya ce. Daga Kura zuwa Na'ibawa babu abin faɗi sai cunkoso, da 'yan adaidaita sahu masu shiga duk inda hancin kekensu ya shiga.

A Shahuci muka ajiye mota, don lungunan da za mu bi ba su san mota ba. Muka taka da ƙafa. Mai zuwa birni ya sa takalmi mara tsini, ya kuma koyi matsawa jikin bango in ya ji ƙarar babur. Wani lungun in kika buɗe hannuwa sai ki taɓa gida biyu. Ga ƙamshin turaren wuta, ga kwata, ga masu ɗinkin hula a bakin ƙofa suna binmu da sannu da zuwa kamar sun san da tafiyarmu. Muka fara gaida dattawan unguwa, muka faɗi abin da ya kawo mu, sannan abokin aikina ya kai mu gidan da ya fara shiga wancan zuwan.

Shigar tasa dai iyakarta zaure, wancan karon da wannan. Namiji baƙo iyakarsa ke nan. Maigidan ya shimfiɗa masa tabarma, aka aiko da gurasa ta sha ƙuli da mai, na bar su suna hira na yi sallama na wuce ciki.

Daga waje ƙofa ɗaya ce. Ina wuce zaure na biyu sai na ga gari guda. Sashe bayan sashe, kowanne da labulensa da randarsa da madafarsa. Na tsaya ina ƙirga murahun duwatsu, na samu bakwai. A nan kunya ta fara kama ni. Ni a kwatas na tashi, inda ƙofa ɗaya ke nufin miji da mata da 'ya'yansu da tukunya ɗaya, kuma da wannan idon na tsara tambayoyina.

Aka kai ni wurin Hajiya Babba, mahaifiyar maigidan, tsohuwa mai kaifin ido, tana zaune tana gyaran zogale. Bayan gaisuwa ta ce, "Ke ce ta murhun? To yana nan lafiya lau, yadda kuka kawo shi. Ko ƙura ba mu bari ta hau shi ba."

Ta sa aka sauko da shi daga saman kwaba, a cikin kwalinsa, ko ledar ba a yage ba. Na tambaye ta me ya hana a yi girki da shi.

"'Yar nan, tukunya bakwai ake ɗorawa a gidan nan, kuka kawo murhu ɗaya. Muka ce ai na gani ne, sauran shidan suna tafe. Muna ta jira."

Muna cikin magana nake jin tari daga can ƙuryar gidan, irin tarin da ke sa mai saurare ma ya dafe ƙirji. Hajiya ta ga na juya, ta ce Sa'ade ce, matar autanta da ya rasu. Ta zauna a gidan da 'ya'yanta uku, waina take toyawa ana saya, da ita take ciyar da su. An kai ta asibiti sau biyu, likita ya ce ta rabu da hayaƙi. Rabuwa da hayaƙi kuwa a wurinta rabuwa da tanda ne, in ta bar tanda kuma babu abin ɗorawa.

Na ce to ai ga magani a cikin kwali, me ya sa ba a ba ta ba?

Hajiya ta yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ashe tun ranar da aka kawo shi matan gidan kaf suka ce a ba Sa'ade. Ita ce ta ƙi. Su kuma sauran kowacce ta ce ba za ta ɗora tukunya a kansa ba alhali ga mai tari tana kallo. Wannan ta yi wa waccan kara, waccan ta yi wa wannan, murhu ya hau saman kwaba ya zauna.

Na ƙarasa wurinta. Rumfa ce 'yar ƙarama, bangon ya yi baƙi ƙirin, tana tsugune tana juya waina da tsinke, idanunta jajur suna ruwa. Ba ta fi ni shekaru ba. Na yi mata maganar murhun, ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Malama, an riƙe ni a gidan nan ni da marayu, ba wanda ya taɓa nuna mini ƙofa. Sai abu ɗaya tak ya shigo, in zama ni ce mai miƙa hannu gaban yayyena? Ina, ba zan iya ba."

Raina ya ɓaci, kuma ba da ita ba. Da na sa hannu a takardar da ke jakata, sauran shidan da suke jira ba za su taɓa zuwa ba, wannan ɗin kuma ba zai sauko daga kwaba ba, ita kuwa tana nan cikin hayaƙin har ƙirjin ya gaza. Kuma da an rubuta cewa su ne ba sa so.

Lallashi ba zai yi ba, tsohuwa ma ta gwada ta gaji. Sai na tuna a cikin tsarin aikinmu akwai gwaji na sati biyu, inda ake ba wadda ta fi kowa hura wuta a gida murhun, ta riƙa faɗa mana yawan itacen da ya ci da yadda take ji a jikinta. Na koma gaban Hajiya, na ɗaga murya yadda kowane sashe zai ji, na tambaya wa ya fi kowa daɗewa a bakin wuta a gidan nan. Aka haɗa baki aka ce Sa'ade. Na ce to ba kyauta na zo yi mata ba, aiki zan ɗora mata, kuma ina roƙon gida ya ara mana murhun.

Tsohuwar nan ta kalle ni ta gefen ido, ta gane sarai. Ta ce, "Sa'ade, kin dai ji. Aiki aka sa ki. In kin ƙi, kin kunyata mu gaban baƙuwa."

Aka yage leda. Tandar ta zauna daram a kai. Zubin farko ya ƙone ƙurmus, don wutar a tattare take ba kamar ta duwatsu ba, matan gida suka yi ta dariya suna cewa gwamnati ta ci waina. Zubi na biyu ya fito ja-ja-ja. Na ci huɗu da miyar taushe a tsaye, ban kuma ji kunyar kowa ba. Abin da na fi lura da shi, tana juyawa tana magana da ni, ba ta kau da fuska don hayaƙi ba.

Kafin la'asar na shiga wasu gidaje biyar a lungunan. Wani gidan ana dafa shayi kawai a kan murhun, don shi ne abin da kowa ke sha. Wani an ajiye sai ranar suna ko biki, lokacin da girki na kowa ne. Dalilai daban-daban, amma duk inda na shiga ƙofa ɗaya ce, tukwane da yawa. Abokin aikina da na ba shi labari a hanyar komawa Shahuci ya ce shi fa abin da aka ba shi ya tambaya ya tambaya. Na ce gaskiyarka, ni na rubuta tambayar.

Mun iso Zariya ana kiran magariba, da ledar gurasa da ƙafafu masu ciwo. Washegari na sake rahoton daga farko. Na rubuta kada a cire Sheshe, kuma in za a sake rabo a cikin birni a ƙirga tukwane, a daina ƙirga ƙofofi, a kuma tura mata su shiga ciki su tambayi masu hura wutar. Na kai da hannuna, na tsaya a kan maganata, kuma duk inda za a zauna a kanta zan je. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne amsar da aka ba ka a zaure gaskiya ce, amma ba ita ke nan ba. Mun tambaya ko ana amfani da murhu, aka ce a'a, ba wanda ya yi mana ƙarya. Mu ne ba mu tambayi dalili ba.

Jiya sati biyun ya cika. Da hantsi Hajiya Babba ta sa aka kira ni a waya. Na tambayi tarin, ta ce yana nan, amma ya yi sauƙi, yanzu Sa'ade tana kai ƙarshen magana ba ta tsaya ba. Sai dai akwai matsala: tun da safe ta wanke murhun tas, ta ɗauko kwalinsa, wai wa'adin aiki ya cika za ta mayar wa gida kayansa.

Na ce, "Hajiya, ki gaya mata ba a gama binciken ba."

"To sai yaushe, in ta tambaye ni?"

"Sai ranar da sauran shidan suka iso."

Ta ce, "Madalla. Bari in je in karɓe kwalin nan in hura wuta da shi."