Takardun Yaya Sambo da Matan Dangoma

Daminar bana ta cika shekara ashirin da bakwai da rasuwar yayana, Likita Sambo. Wani lokaci sai in ji kamar jiya ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidanmu a Gwandu, wani lokaci kuma in nemi muryarsa a kunnena in rasa. Ya rasu bai kai hamsin ba. Ni ga ni yau da furfura da jikoki, na wuce shekarunsa da nisa, amma har gobe in zan ambace shi, Yaya ne ke fita daga bakina.

Likitan mata ne a wani asibiti a Birnin Kebbi, tun muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato. Abin da ya fi ci masa rai a aikinsa shi ne ciwon jijjiga, wanda ke kama mace mai ciki gab da haihuwa ko bayanta. A lokacin, in mace ta faɗi tana taune harshe, iskoki ake cewa. Za a yi hayaƙi, a yi tofi, sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sannan a nemi mota. Yaya yakan ce yawancin waɗanda ake kawo masa gaisuwar mutuwa ce kawai ta rage. Shi kuwa ya yi imani ruwa ba ya tsami banza: kafin mace ta faɗi, jikinta yakan yi makonni yana faɗakarwa, sai dai babu mai saurare. Don haka ya ce zai bi abin har gida.

Duk Asabar yakan ɗaure abin awon jini da wani babban littafi a bayan babur, ya nufi Ceberu, wani makon kuma Dangoma ta wajen Kalgo, har da rugagen da ke tsakani. Da farko bai ga da kyau ba. Wane magidanci ne zai bar baƙon namiji ya kama damtsen matarsa? Sai ya zauna da maza a gindin bishiya, ya fara auna su su kansu, suna dariya in abin ya matse musu hannu. Duk da haka ƙofar cikin gida ba ta buɗe ba sai da ya samu Inna Kulu, ungozomar Dangoma, wata gajeriyar tsohuwa mai kaifin harshe wadda rabin garin a hannunta suka faɗo. Ita ke shiga gaba, shi yana biye. Ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ta san wace ce ta kumbura a cikinta na fari, wace ce uwarta ta yi jijjiga, wace ce ke ɓoye ciwon kai don kunyar suruka. Yana rubutawa, tana gyara masa. Shi kuma ya koya mata alamun da ba a jira da su.

Ni na shigo aikin ne ta hanyar tafireta. Ina koyarwa a firamare a Gwandu, na kuma ɗan koyi buga keken rubutu, sai Yaya ya kawo mini wata tsohuwar tafireta da ya sayo a Sakkwato, wadda wani harafinta ke maƙalewa sai an ɗago shi da farce. Ran Lahadi da hantsi yakan zauna a kan tabarma da takardunsa a baje, yana karantowa ina bugawa, da takardar kabon biyu a tsakani. Turancin likitanci ne, rabinsa ban gane ba. In na yi kuskure a layin ƙarshe, shafin gaba ɗaya za a sake. Na sha yin fushi in ture kujera, shi kuma sai ya aika a sayo mini ƙosai, ya jira har in huce.

Takardarsa ta farko da ya aika wa wata mujallar likitoci a ƙasar waje, sai da aka yi shuka aka yi girbi sannan amsa ta zo, kuma dawo da ita aka yi, an cika gefenta da tambayoyi. Na ɗauka zai yi zuciya. Ya karanta sau biyu, ya ninke, ya ce mutanen nan sun yi gaskiya a wuri uku, sun yi kuskure a wuri ɗaya. Ya koma ƙauyukan ya cike giɓin. Na sake bugawa tun daga farko. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana. A karo na gaba suka karɓa.

Wurin da ya ce sun yi kuskure shi ne sunan Inna Kulu. Ya sa shi kusa da nasa a saman takardar, su kuma suka tambayi digirinta da wurin aikinta. Ya rubuta musu doguwar wasiƙa, ni na buga ta, yana cewa ba don ita ba da ko mace ɗaya bai auna ba. Ba su yarda ba. Daga ƙarshe aka sa sunanta can ƙasa, wurin godiya, da ƙananan baƙaƙe. Da mujallar ta iso, ya ɗauke ta takanas zuwa Dangoma, ya ɗora yatsansa a kan sunan ya nuna mata. Ta duba, ta duba, ta ce, "Wanga ɗan tsiririn shi na Kulu? To, Likita, in ka koma ka ce musu na gode, amma dai su aiko muna da mota." Ya daɗe yana ba da wannan labari, kuma duk sanda ya bayar, dariyarsa ba ta kaiwa ƙarshen labarin.

A wancan zamani, hanyar da mai bincike ke sanin an karanta aikinsa ita ce ɗan kati. Likita a wata ƙasa zai ga sunan takardarka, ya aiko kati ta gidan waya yana roƙon a aika masa kwafi. Katunan suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, da kan sarki iri-iri, wasu daga ƙasashen da sai mun buɗe taswirar makaranta muke gano su. Bai taɓa barin ko ɗaya ba amsa ba. Da kwafe-kwafen da mujallar ta ba shi suka ƙare, sai ya sa aka gurza masa wasu. Bayan ta farko ya rubuta wasu, kan ƙarancin jini ga masu ciki da kan zubar jini bayan haihuwa. Ba su da yawa. Abokansa da suka koma jami'a sun ninka shi rubutu, suka zama farfesoshi, suka yi ta kiransa ya biyo su. Yakan ce in ya tafi, wa zai je Dangoma ran Asabar?

Aure ya kai ni Kalgo, daga baya aka tura maigidana koyarwa Dangoma, muka tare can. A cikina na uku, wata na takwas, na fara kumbura. Zobena ya ƙi fita, kaina yana sarawa, wani lokaci in ga kamar ƙyalli-ƙyalli a idona. Abin kunya, ni da na buga waɗannan alamu da yatsuna ba sau ɗaya ba, ban ga kaina a cikinsu ba. Na ce gajiya ce. Surukata ta ce ɗa namiji ne, haka suke yi. Wata safiya Inna Kulu ta shigo karɓar rariya, ta dube ni, ta ajiye maganar rariya. Ta durƙusa ta danna babban yatsanta a ƙwaurina, ta ɗaga, ramin ya zauna bai cike ba.

"Ɗiyata, tun yaushe kanki ka ciwo?"

Na ce kwana huɗu.

"Kwana huɗu, kina ƙanwar Likita? Tashi ki ɗauki mayahinki."

Surukata ta ce a bari malam, maigidana, ya taso daga makaranta. Inna Kulu ta juya ta fice. Ta tafi da ƙafarta har aji ta fito da shi, ta tsaya a bakin hanya ta tare wata motar ɗaukar shinkafa. Kafin azahar muna Birnin Kebbi. Ban manta fuskar Yaya ba sa'ad da ya cire abin awon daga hannuna. Bai yi mini faɗa ba, sai ya naɗe shi ya ajiye. A ranar aka ciro ɗana Usman, ɗan mitsitsi kamar ɗan tsako. Na yi kwanaki ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo, Yaya na zaune gefen gado, ya ce, "Rabi, ni ban yi komai ba. Da an kai la'asar, da gaisuwa zan karɓa. In kin warke, ki tafi ki gode wa Kulu."

Bayan 'yan shekaru ciwon hanta ya kwantar da shi, bai yi wata uku ba Allah Ya karɓi abinSa. Inna Kulu ta bi shi ba da daɗewa ba. Takardunsa suka shiga akwati, ni kuma na ɗauka shi ke nan, an rufe babin.

Sai a Sallar da ta wuce, ɗiyarsa Nana, wadda yanzu ke koyar da ungozomomi, ta zauna kusa da ni ta buɗe wayarta. Ta ce akwai wurin da ake tara sunayen duk wanda ya kafa hujja da aikin wani a nasa rubutun, kuma da wannan ake auna nauyin mai bincike a yau. Ta rubuta sunan mahaifinta. Ga takardun nan a jere, har da wadda na buga ina kumbure-kumburen fushi. A ƙarƙashin ta farko, sunaye ne na mutanen da ba su taɓa jin Gwandu ba, wasu ma ba a haife su ba lokacin da aka rubuta ta. Na yi ta ja da yatsa har idona ya cika, na miƙa mata wayar.

Tun ranar nake tambayar kaina, da yana raye me zai ce? Na san zai ji daɗi, ba zan yi masa ƙaryar waliyyi ba. Mutum ne da ya adana kowane kati. Zai yi mamakin yadda abin da ke cin shekara a gidan waya yanzu ke zuwa kafin shayi ya huce. Amma na san kuma tambayar da zai bi da ita. Zai ce, cikin duk waɗannan masu ambatona, akwai wanda maganarsa ta isa Ceberu? An samu titi, an samu waya, an gina ɗakunan shan magani, amma har yanzu muna zuwa gaisuwar matan da suka tafi da ciki. Kuma zai nemi sunan Kulu a jerin ya rasa, domin Nana ta ce ba a lissafa na wurin godiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ga shi hannu ɗaya aka rubuta.

In an ce in auna abin da ya rage na Yaya, ba zan raina jerin nan ba, domin shaida ce cewa bai yi wahalar banza ba. Sai dai akwai wani ragowar da waya ba ta nunawa. Usman yanzu magidanci ne a Kalgo, noman shinkafa yake yi, bai taɓa karanta ko layi ɗaya na kawunsa ba. Watan jiya na je gidansa na tarar yana tayar da babur, matarsa mai ciki a baya, ana tsaka da aikin gona. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau, awo za su je, ta ce kanta ya ɗan sara jiya. Na tambaye shi wa ya ce masa ciwon kan mai ciki abin barin gona ne. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara, ya ce, "Inna, ai kowa ya san wannan."

Na tsaya a ƙofar har suka sha kwana. Allah Ya jiƙan Yaya Sambo, Ya jiƙan Inna Kulu, Ya haɗa sunayensu a layi ɗaya a littafin da ba a tambayar digiri.