Sunan da Baba Bai Janye Ba

Shekarun baya, lokacin ina jami'a, duk Zango da sunan miskili aka san ni. Mahaifina ne ya laƙaba min. Shi mutum ne mai baki, atamfa yake sayarwa. In ya kama gaisuwa da mai saye, sai ya tambayi lafiyar kakarsa kafin a zo maganar yadi. Ni kuwa in aka bar min shago rabin yini, sai in koma gida kamar an yi min duka. In yi ta murmushin dole har kumatuna su yi tsami. Abin yana cin raina, don na yarda mugun hali ne da ni.

Wata rana muna cin shinkafa a unguwar Zogona, abokina ya miƙo min wayarsa, wai gwajin gane halin mutum ne. Na amsa tambayoyin ina tsaki. Da sakamakon ya fito, sai na ajiye cokali. Ashe akwai irina da yawa, waɗanda taro ke gajiyar da su, shiru ke dawo musu da ƙarfi.

"Antroberti ne kai, mon frère, ɗan'uwana, ba ciwo ba ne," in ji abokina.

Da ɗokina na hau babur na kai wa Baba labari. Ya saurara har na gama.

"Wannan na nasara ne. Da Hausa me ake ce masa?"

Na yi ta lalube, ban samu ba.

"Miskili," ya ce, ya ci gaba da ninke atamfa. Ba da daɗewa ba ya damƙa wa ƙanena shagon.

Daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, maganar ta ɗauke. Masu dubiya sukan yi surutu kaɗan, su rasa mai amsawa, su tashi. Ƙanena ma ba ya iya daɗewa. Ni kaɗai nake zama gefensa daga azahar har magariba, ba mai cewa uffan, kuma ban taɓa gajiya ba. Wani lokaci yakan riƙe hannuna ya ƙura min ido. Ban san me yake son faɗa ba.

Gwajin nan ya raba ni da ƙin kaina, wannan kam gaskiya ne. Amma har yau abin yana min ciwo. Lokacin da halina ya yi wa Baba rana, ba shi da bakin da zai janye sunan. Ina miskilinsa na raka shi makabarta.