Kwandon da ke Gefen Ƙofa

A filin firamaren da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci a Argungu, kwandon da muke wasan ƙwallon kwando da shi yana nan har yau, kafe a jikin turken ƙarfe. Guda ɗaya ne. Ɗan'uwansa iskar damina ta kayar tun kafin in fara wasa, ba a sake kafa shi ba. Saboda haka gefe ɗaya muke atisaye, duk wanda ya samu ƙwallo can zai nufa.

Manyan 'yan wasanmu biyar sun saba fita garuruwa, sun san fili mai kwando biyu. Mu na benci aikinmu tare su a atisaye, ranar wasa kuma riƙon ruwa da tafi. Tsawona ya sa aka ɗauke ni. Zaman bai dame ni ba, na san ranata za ta zo.

Yayana ne bai yarda ba. Duk yammar da na baro shi a gona sai ya ce, "Tahi ka ɗumama musu katako." Ni kuma in ce masa ƙungiya ba ta yi sai da ni.

Ranar ta zo a shekarar da gulbi ya cika da wuri. An gayyace mu wasa Birnin Kebbi, ruwa kuma ya fara lasar shinkafar fadama. Uku daga cikin manyanmu suka ce ba su barin yanka. Tamu gonar ma tana jira, amma na roƙi Yaya.

Ya dube ni ya ce, "Yau kai za ka shiga? To, ni da kaina zan kai ka, in gani da idona."

Ya ajiye lauje, ya tayar da babur.

Kafin hutu an riga an wahalar da mu. 'Yan bencin da aka fara da su ba su taɓa gudun cikakken fili ba, numfashi ya ƙare musu, ƙwallo na zamewa daga hannunsu. Ni ina zaune, idona a kan kwandon da ke gefen ƙofar filin, inda muke jefawa. Da aka dawo, koci ya ce, "Dogo, tashi. Kai kaɗai ka rage."

Na san ana canza gefe bayan hutu. Kaina ya sani, hannuwana ne ba su taɓa koya ba. Wani ɗan Birni ya jefa a kwandon gefen ƙofa, ƙwallo ta bugi bakin kwandon ta faɗo hannuna. Ban tsaya tunani ba, na miƙe na zura ta. Har hannu na ɗaga, ina neman Yaya cikin mutane.

Sai na ji dariya ko'ina. Wanda ya jefa ɗin ya dafa kafaɗata ya ce, "Mun gode, Dogo, Allah shi ƙara hasken ido!"

Da akwai wanda zai canje ni, da na gode wa Allah. A benci babu mai sauran numfashi. Haka na ƙarasa wasan, abokaina na tsoron ba ni ƙwallo, 'yan kallo kuma da na motsa sai su nuna da yatsa, "Can na, Dogo! Can na!" An ci mu ci mai muni.

Yaya ya ɗauko ni a babur, muka wuce Ambursa. Bai bi ta gida ba, fadama ya nufa. Ruwa ya riga ya shanye ƙasan gonar, inda da mun yanke da safe. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya miƙo min lauje.

"Wagga ce tamu," in ji shi. "Waccan ta maƙwabci ce, kada ka yanke mishi."

Na shiga ruwan har gwiwa, na sunkuya. Tun daga ranar bai sake yi min maganar katako ba. Da ya ci gaba da yi, da ya fi min sauƙi.