Inda Bakoji Ke Samo Katako

Bakoji kafinta bai taɓa riƙe awo ba. Shekara talatin yana aiki a bayan kasuwar Birnin Gwari, kuma ba a ba shi fasali. Ka ce kujera kake so, sai ya juya itacen, ya shinshina, ya ce wannan benci zai yi. In ka yi gardama, ga hanya nan. Abin haushin, in ya gama sai ka rasa abin kushewa.

Da daji ya gagari kowa saboda 'yan bindiga, masu yankan katako suka watse, kafintoci suka koma acaɓa. Bakoji kuwa kullum da busasshen katako. To, daga ina? Ruwa ba ya tsami banza.

'Yan sa-kai suka sa Nathaniel, manomin da ya gudo daga wani ƙauye a yankin Randagi, ya sa masa ido. Kowa ya san wanda aka miƙa sunansa a matsayin ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ba ya dawowa. Nathaniel ya yi kwana uku yana zuwa rumfar Bakoji, wai ciniki, yana ƙirga masu shiga da fita. Ko tarin Bakoji bai yarda da shi ba.

Rana ta huɗu ya leƙa ƙarƙashin wani sabon tebur. Sai ga gwangwanin madara an baje an buga a kan wani rami, ƙusoshin duk a karkace. Matarsa Alice ce ta buga shi, saboda ɓeraye, damina ɗaya kafin a kashe ta. Ashe da ƙofar ɗakinsu aka yi teburin.

Bakoji bai musa ba. Ya ce ƙauyukan da aka gudu aka bari yake bi, yana ciro ƙofofi kafin gara ta cinye. Yadda yake wuce mutanen daji kuwa, ya ce wannan tsakaninsa da Allah. Amsar ba ta gamsar da Nathaniel ba ko kaɗan.

Sai ya tambaya, “Akwai kabari bayan ɗakin?”

“Yana nan. Ciyawa ta rufe shi, na nome.”

Da la'asar shugaban 'yan sa-kai ya tambayi Nathaniel abin da ya gani. Zuciyarsa cike da zargi, Nathaniel ya ce bai ga komai ba. Duk garin nan, mutum ɗaya ne ke iya kaiwa kabarin Alice.