Shafin da Baba Ya Tsallake

Sunaye biyu ne suka fara ɗaukar idona a jikin littafin. Ina da shekara goma sha ɗaya, muna tafe da Baba a bakin kogi a Lyon, inda masu tsofaffin littattafai suke baje kayansu ranar Lahadi. Bangon ya koɗe, an zana wata mace tana leƙe ta bayan labule, a ƙasa kuma ga sunan namiji ga na mace, sunan gidansu ɗaya. Na tambayi Baba ko wa da ƙanwa ne. Ya ce miji da mata ne, tun kafin a haife shi suke rubuta labaran kisan kai da bincike a wata ƙasa ta hayin teku, daga baya aka juya su zuwa Faransanci.

Ni kuwa na riga na fara satar karanta littattafan soyayya na Inna, irin waɗanda 'yan kasuwa suke cusowa tsakanin atamfofi daga gida. Saboda haka ban ga kisa a jikin bangon nan ba, mai karatu, ƙauna na gani. Na yi ta ƙiyasta su biyun a bakin tebur ɗaya, hannunsa yana taɓa nata in ya miƙa mata takarda. Inna ko sunan Baba ba ta kamawa, Malam take ce masa, ga wata kuma an buga nata sunan kafaɗa da kafaɗa da na mijinta, duniya tana gani.

Muna zaune a unguwar La Guillotière, a saman shagon Baba na atamfa da turare. Karatu ne ya kawo shi daga Damagaram, kasuwa ta riƙe shi. Inna tana karanta Hausa, amma Faransanci sai na cefane. Don haka da rana, in an rufe shaguna don cin abinci, ni ma na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, Baba yakan buɗe littafin bayan an kwashe kwanuka, idonsa yana bin Faransanci, bakinsa yana fitar da Hausa. Cikin shekara guda sun cinye littattafai kusan goma na mutanen nan biyu. Kuma kafin a kai rabi, Inna ta gano mai laifi.

“Ranki ya daɗe, Kwamishinan 'yan sanda,” Baba yakan ce, “ki bar marubutan su ci abincinsu mana.”

Ita kuma ta rantse tana gane shafin da matar ta sa hannu. Ta ce mijin maganar mutane yake bi, matar kuwa tana lura da abin da ya kamata a gani a ɗaki amma babu shi.

A kakar shekarar da ta biyo baya Inna tana da ciki wata bakwai. Kafin wannan ta yi ɓari sau biyu, na biyun bayan wata firgita da ta yi. Likita ya ce jininta yana hawa, ta kwanta, kada a tayar mata da hankali ko kaɗan. Gidan ya zama na sanɗa. Ko ƙofar banɗaki a hankali muke rufewa.

Ana cikin hutun tsakiyar kaka Baba ya ce zai je Paris saro kaya. Inna ta ce ya tafi da ni in ga 'ya'yan Kawu, yayanta da yake La Courneuve. Na ga ya yi jim, sannan ya ce to. A jirgin ƙasa carbi kawai yake ja, yana kallon gonakin da aka girbe suna wucewa.

Tun daga matakalar benen su Kawu na ga takalma. Sun cika bakin ƙofa, sun gangaro har hawa na ƙasa. A falo an kawar da kujeru an shimfiɗa tabarmi, maza sun zauna sahu-sahu, ana zagayawa da gumba da dabino a faranti. Wani dattijo ya kama hannun Baba ya ce, “Ya haƙuri, Malam? Allah Ya jiƙan tsohuwa.” Nan na ji an ambaci Kaka, mahaifiyar Inna. Kwana bakwai ke nan da rasuwarta a Damagaram. An kawo addu'ar Paris ne don kada a yi ta a Lyon, ƙarƙashin idon 'yarta.

Matar Kawu ta ja ni kicin, ta share mini fuska da gefen mayafinta, ta riƙe kafaɗuna biyu.

“Kin girma, ko? To ki ji. Innarki ba za ta sani ba sai ta sauka lafiya. In kika bari ta gane, abin da ke cikinta ya faɗi, ba za ki yafe wa kanki ba. Kin ji ni?”

Na ce na ji.

Haka ake yi a wajenmu, kuma ba don mugunta ba. Mai ciki da mara lafiya da na nesa, ba a jefa musu labarin mutuwa. Sai a ce jiki ya yi nauyi, sai a ce a yi ta addu'a, har ranar da babba zai zo ya zauna ya faɗa da bakinsa. Duk matan unguwa sun sani. Suna zuwa dubiya, su yi doguwar gaisuwa, su tambayi jiki da sanyi da yara, su tashi. Da na kasa kunne sai na lura babu wadda take cewa “ya labarin mutanen gida?” kamar dā. Ni da nake yarinya na lura da wannan, ina ga Inna?

Ranar Juma'a Inna ta sa Baba ya kira gida. Goggo, wadda take zaune da Kaka, ita ce ta ɗauka, ta ce tsohuwa ta shiga maƙwabta barka. Juma'a ta gaba aka ce tana barci. Inna ta ajiye wayar, sai ta dube ni. Na duƙa ina ɗaure igiyar takalmin da yake a ɗaure. In ta kira ni in taje mata kai, sai in tsaya ta bayanta sosai, inda madubi ba zai nuna mata fuskata ba.

Baba ya ga shirun ya yi yawa, sai ya ɗauko sabon littafi na mutanen nan don ya ɗauke mata hankali. Ba ya karantawa a gaba, tare suke ganowa, wannan ce ƙa'idarsu. Labarin wata tsohuwa ce mai dukiya, da 'yarta da take aure a wani gari. Kwana uku ana tafiya lafiya. A na huɗu ya juya shafi, na ga idonsa ya gangara ƙasa ya tsaya. Ya yi tari. Ya kurɓi ruwa. Ya juya shafin gaba ɗaya, ya ce, “To, da gari ya waye sai aka tarar tsohuwar ta yi tafiya.”

“Tafiya ina?”

“Ba su faɗa ba tukuna.”

Ya ci gaba, amma labarin ya ƙi zama. 'Yan sanda sun cika gida, likita ya zo, 'yar tana kuka a tasha, lauya ya buɗe wasiyya, Baba yana ta kewaye-kewaye yana gumi ga sanyi.

“Malam, ana raba gadon mai tafiya?”

“Turawa ne, Kwamishina, komai suna yi.”

Ba ta yi dariya ba. Ya dubi agogo, ya ce lokacin buɗe shago ya yi, ya sa littafin can saman kabad ya sauka.

Ranar Laraba ce, babu lakwal da yamma. Ana yayyafi, ina jin ƙarar motoci a kan jiƙaƙƙen titi. Inna ta gyara matashinta. Da yake ni ce ta fari ba ta kiran sunana.

“Ke, taka kujera ki sauko mini da shi. Koma baya daga inda ya naɗe, har shafin da ya tsallake. Karanta mini da Hausa.”

Na ga layin. An tarar da tsohuwar a kujerarta da safe, jikinta ya yi sanyi, ana shawarar wanda zai kira 'yarta. Na tuna hannun matar Kawu a kafaɗata. Na dubi cikin Inna, ya yi tsini a ƙarƙashin bargo. Na ce a raina in ce ta yi tafiya, kamar yadda Baba ya ce. Na buɗe baki, sai hawaye suka ɗiga a kan shafin.

Inna ta daɗe tana kallona.

“Gawa nawa mutumin nan ya karanta mini a ɗakin nan,” ta ce a hankali, “da wuƙa da guba da igiya, bai taɓa tsallake ko ɗaya ba. Sai ta tsohuwa mai 'ya a nesa.” Ta ja numfashi. “Kafin ku je Paris ne?”

Na ɗaga kai alamar e.

Ta yi salati. Ta dafe cikinta da hannu biyu ta rufe ido, ni kuma na tsaya riƙe da littafin ina jiran in ga jini a zanin gado. Ban san tsawon lokacin ba. Ina jin Baba a ƙasa yana ciniki da wata mata, yana dariyar kasuwa. Can ta kama hannuna ta ɗora a gefen cikin. Wani abu ya shure ni.

“Kin ji? Yana nan. Mayar da littafin yadda yake. Babanki ya ɗauki wannan kaya don ni, ki bar shi ya kai shi inda ya nufa.”

Haka na koma riƙe da sirri biyu, ɗaya na ɓoye wa Inna a gaban Baba, ɗaya na ɓoye wa Baba a gaban kowa. Sati biyar. Kullum da rana yana karanta labarin tsohuwar da ta yi tafiya, yana ƙirƙiro mata dalilai, Inna tana gyaɗa kai. A karo na farko ta bari aka kai ƙarshe ba ta faɗi mai laifi ba. Kukanta da safe take yi, in ya sauka shago, ta kunna famfon kicin ta bar shi yana zuba. Ni kuma kowace safiya kafin in tafi lakwal sai na leƙa zanin gadonta.

Ta haihu farkon hunturu, mace, lafiya lau. Kwana uku bayan nan Kawu ya zo daga Paris, suka shiga shi da Baba, suka zauna a bakin gado, Kawu ya fara da cewa dukanmu na Allah ne. Inna ta saurare shi har ya gama, ta yi kuka kamar yau ta fara ji. Aka sa wa jaririyar sunan Kaka. Baba bai taɓa sanin abin da ya faru ranar Larabar nan ba.

Yanzu babu mai iya ɓoye mutuwa wata biyu. Kafin a gama wankan gawa hotonta ya zagaye wayoyin dangi, daga Damagaram har unguwar Porte de la Chapelle a Paris. Wani lokaci ina ganin haka ya fi. Wani lokaci kuma in tuna mutum talatin da suka haɗa baki don mace ɗaya ta sauka lafiya, in rasa abin cewa.

Baba ya sayar da shagon da gemunsa ya yi fari, suka koma gida shi da Inna. Shekara huɗu da suka wuce, ina Paris da cikin fari wata takwas, wayata ta yi ƙara da hantsi. Inna ce. Ba ta tambayi jiki ba, ba ta tambayi maigidana ba.

“Ki zauna,” ta ce. “Kin zauna? Babanki ya rasu bayan sallar asuba. Kawunki ya ce a ɓoye miki. Na ce wannan yarinyar ta riga ta yi nata ɓoyon, ya ishe ta.”