Ranar da Na Shanya Littafin Gwaggo a Lambu

Wata Alhamis ce cikin bazara, ina 'yar shekara tara, ruwan farko bai sauka ba tukuna. Ni da Gwaggo Talatu, ƙanwar babana, muka gangara fadama da sassafe da bokitanmu, sai muka hango maza uku tsaye a bakin lambunmu. Na tsakiyarsu Baba Danladi ne, Bagwarin da lambunsa ke manne da namu. Ya riƙo wata takarda da ke lilo a jikin zare, yana karantawa da ƙarfi yana jan murya kamar mai labarai a rediyo: "Idan ba ka dawo kafin shuka ba, zan san zuciyarka ta yi wani gida." Sauran biyun suna ta dariya, har ɗaya ya dafa gwiwa. Sai na ji bokitin Gwaggo ya bugi ƙasa. Ni ce na rataya takardun nan jiya da yamma, kuma har lokacin ban san abin da na rataya ba.

Gwaggo ta dawo gidanmu ne bayan rasuwar mijinta, da akwati ɗaya da jaka cike da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta. Labaran soyayya take rubutawa. In ta gama ta ba wani direba ya kai wa mai buga littattafai a Kano, a fitar da sunan da ba nata ba. Daga Innata sai ni muka sani. Babana mutum ne mai gudun abin magana, mun san da ya ji, biro ya bar hannunta ke nan. Shi ya sa sai da hantsi take rubutu, bayan ya fita kasuwa, tana zaune kan turmi a kife, littafi a cinya. In ta cika shafi ta karanta wa Inna da ke tankaɗe, ni ina gefe ina tsintar shinkafa, kunnena duk yana wurinsu. Lambun kuwa ta kama shi ne don kada a ce ta zauna ana ciyar da ita: fangali goma sha biyu na latas da karas da alayyahu.

A shekarar zomaye suka sa mu gaba. Daji ya bushe ƙayau, fadama ce kaɗai kore, su kuma daga bakin dajin suke fitowa kafin gari ya waye. Mu yi dashe yau, gobe mu tarar an aske fangali tas, sai 'yan kashinsu a warwatse kamar masoro. Muka yi shingen ƙaya, suka haƙa ta ƙasa. Muka barbaɗa toka da garin barkono, raɓa ta wanke. Har rugar Fulani muka je muka roƙo kashin shanu muka jiƙa muka yayyafa, warin ya kore mu, su ko a jikinsu. Tarkon da Baba Danladi ya ɗana mana, bushiya ya kama. Gwaggo takan riƙe ƙugu ta dubi wajen daji ta ce, "Ni da su ne. Sau nawa suka ci, sau nawa zan dasa." Sau uku ta sake iri.

Daga baya aka ce mu ja zaren tsohon kaset a saman fangali, mu ɗaura farin abu mai motsi. Ranar Laraba Gwaggo ta ce in je in yi, don ta yi baƙi, kuma baƙin suka kai magariba. Farar ledar da nake ɗaurawa ta ƙare mini a fangali na huɗu, na ruga gida na shiga ɗakinta. Ni makarantata shiga-fita ce, yau aji, gobe da jibi talla ko raino. Baƙaƙen na san su ɗai-ɗai, amma ba sa haɗuwa su zama magana. Abin da na lura da shi dai, takardar da Gwaggo ta soke nan ta soke can ta hura wuta ce, a kwando take jefa ta. A bakin kwandon na ga wasu a haɗe, duk soke-soke, na kwashe. Ashe babin ƙarshe ne da ta yi sati biyu tana gyarawa, ta ajiye da sauri da ta ji sallama. Na huda kowace da ƙaya na zura zare, har ina jin daɗin yadda suke fal-fal a iska.

To a safiyar nan Gwaggo ta ɗauki bokitinta, ta gyara mayafi, ta nufi mutanen. Na ɗauka za ta ce ba ta san takardun ba. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Baba Danladi, ka tsallake layi. Rubutuna ne, in za ka karanta, karanta shi daidai." Dariya ta ɗauke. Ya sosa ƙeya ya ce, "To Talatu, wai ya dawo ko bai dawo ba? Shafi na gaba ya faɗo, zomo ya ci rabinsa." Da gaske ne kuwa, sun ci latas ɗin, sun ɗanɗana takardar.

Ta san kafin azahar maganar za ta kai kasuwa, don haka ta zauna a zaure ta jira babana. Daga bayan katanga na ji tana cewa, "Yaya, gara ka ji daga bakina. Ina rubutu, kuma ba zan daina ba." Kwana biyu bai ci tuwon da ta tuƙa ba, gidan ya yi tsit, ni ko wasan langa ban iya fita ba. A rana ta uku ya shigo da naɗin ragar waya irin ta kejin kaji, ya jingine a ƙofar ɗakinta. "Ki kewaye lambun nan," in ji shi, "a daina shanya mana littafi a fadama." Bai ƙara tayar da zancen ba.

Saura shafi shida da raɓa ta narkar da tawadarsu. Na same ta ta yi tagumi a kansu, na tsaya a bakin ƙofa, na fara faɗo su yadda na ji ta karanta wa Inna. Ta dube ni, ta jawo biro. Ina faɗa tana rubutawa, inda na manta ta cike. Ba ta taɓa ni ba, cewa kawai ta yi, "Kai irin wannan, a ce ido bai iya karatu ba?" Daga ranar, in mun gama ban ruwa, ta karya kara ta zana mini kalmomi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Littafin ya tafi Kano kafin ruwa ya sauka. Ni aji huɗu na tsaya, amma ɗan abin da nake haɗawa yanzu, a bakin fangali na koye shi.

Yau Gwaggo tana Kaduna, a waya take rubutunta da sunanta na gaskiya. Fadamar nan babu mai gangarawa da sassafe. Dajin da a da zomo kaɗai ke fito mana daga cikinsa, yanzu 'yan bindiga ne a ciki, ko kallon wajensa ba ma son yi. Alayyahuna a buhunan siminti nake shuka shi a bayan ɗaki, ba abin da ke ci, amma ina kewar raɓar nan da muryoyin masu ban ruwa. Kullum na ɗaura wa 'yata Hafsatu jakar makaranta sai maƙwabta su ce in bar ta a gida har abubuwa su lafa. Ina riƙe hannunta har ƙofar aji, in dawo in zauna, duk babur da ya wuce in leƙa waje. Tsoron yana nan, ban ce ya tafi ba, amma gobe ma zan kai ta.