Rabin Takardar Yaya Isiyaku da Ban Karanta Ba

Shekara huɗu ke nan da muka kai Yaya Isiyaku makwancinsa, amma har yau a layinmu na Tudun Wada ba a zancen allurar rigakafi sai an jawo sunansa. Ba don yabo ba. Da shi ake kafa hujja cewa allura aikin banza ce.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ma'aikacin lafiya ne da ya yi ritaya, mutum mai dogon bayani. In ka tambaye shi maganin mura, to nemi kujera. Ni kuwa yadi nake sayarwa, kuma ni ke riƙe lasifikar masallacinmu in akwai sanarwa. Da allurar korona ta iso mutane suka noƙe, shi ya fara naɗe hannun riga a gaban kowa. Sannan ya rubuto mini takarda in karanta bayan Magariba.

Rabin takardar na ƙasa cewa yake ƙwayar cutar tana rikiɗa, kuma sabon nau'i yana iya zille wa garkuwar da allura ta gina. Wanda ya yi zai iya kamuwa, sai dai galibi ba ta kayar da shi. Tsofaffi da masu ciwon suga za su buƙaci ƙari. Na karanta a shago na ce wannan ai kashe kasuwa ne. Wa zai sayi yadin da mai shi ya ce wataƙila ya koɗe? Da na ɗauki lasifika sai na tsaya a rabi, na rufe da nawa: “Duk wanda ya yi biyu, shi da korona har abada.”

Ni da Yaya muka tako har ƙofar gida. Ya ce, “Sani, ka yi musu alkawarin da ba naka ba.” Na ce, “Yaya, jira ka ga layi gobe.” Aka kuwa yi layi har bakin titi, na daɗe ina yi masa tsiya da shi.

Sai sabon nau'in ya shigo. Yaya ya yi biyu, yana jiran ta uku, ga suga ta daɗe tana cin sa. Kwana tara ya yi yana kokawa da numfashi. A wurin zaman makoki na ji wani a bayana yana raɗa, “To shi ma fa ya yi biyu.” Tsofaffin da suka bi layin nan, suka yi tarin mako guda suka miƙe, ba wanda ya tuna da su, don ba a shimfiɗa tabarma saboda wanda ya warke.

Yau cutar ta sauya kama har na daina bin sunayenta. Da Yaya zai leƙo, wannan ba zai ba shi mamaki ba, ai ya rubuta. Abin da zai karya masa zuciya Hadiza ce, 'yarsa. Ta haifi namiji, aka sa masa sunan kakansa, muna kiran sa Abba. Watansa tara, ko allura ɗaya ba a yi masa ba, ga ƙyanda tana yawo a layin bayanmu.

Makon jiya na kai mata takardar. Ta gane rubutun ubanta, ta karanta tana share hawaye da bakin hijabi. Na ce, “Kin gani, Babanku bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Ki kai yaron nan.” Ta miƙo mini ita ta ce, “Baffa, ranar ina tsakar gida na ji muryarka a lasifika. Wancan karon ma da tabbaci ka zo.”

Ban ga laifinta ba. Kunya da baƙin ciki nake ji. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana lallashin iyaye su kawo 'ya'yansu, abin da ya rage nasa shi ne takarda a aljihuna da jika mai sunansa da ba shi da kariya. Allah ya jiƙan Yaya, ni kuma ya yafe mini.

Shekaranjiya na roƙi liman ya ba ni lasifika bayan Magariba. Na karanta rabin da na tsallake, layi bayan layi, har ƙarshe. Da na ɗago kai, mutane suna ta neman takalmansu.